A-kori-kura Mai Farar Ƙofa

Wata Alhamis ce da la'asar a farkon damina, shekarar da na shiga aji shida na firamare, Baba Bitrus ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin teburin garejinsa ya kakkaɓe shi a gwiwa. Ruwa ne ya tsare ni a wurin. An aike ni sayo kananzir, ina kan hanyar komawa gida Ƙofar Ran hadari ya haɗo, sai na faɗa rumfar kwanon da yake gyaran jikin motoci yana yi musu fenti. Mutumin Bogoro ne, dogo, kullum faratansa da launin motar da ya taɓa ta ƙarshe. Ya san ni sarai, don babu ranar da zan taso daga makaranta ban tsaya a bakin rumfar ba, baki sake, har sai ya kore ni. Da ya buɗe kwalin sai na ga ƙananan gutsattsarin roba masu launin toka, wasu a manne da juna kamar ƙayar kifi, wasu a warwatse, da wata takarda mai zane-zane da lambobi wadda gara ta ci gefenta. Wani Bature da ya taɓa yi wa aiki ne ya fara haɗawa, ya gaji, ya bar masa da zai koma ƙasarsu. "Shehu, wannan mota ne," in ji shi da irin Hausarsa. "Amma shi ba na ja da igiya ba ne, na kallo ne. In kana da haƙuri, mu tashe shi."

Motoci kam mun sha yi a unguwarmu. Mun yi ta kara da ƙaya, mun yi ta gwangwanin madara, mun yi ta waya mai dogon sitiyari wadda ake tuƙawa a tsaye ana kukan inji da baki har leɓe ya yi zafi. Amma duk waɗannan na kwana biyu ne, a taka a sake wata. Wannan kuwa da na kalli hoton da ke bayan kwalin sai na ga a-kori-kura ce, irin ta Baffa mahaifina sak, wadda yake ɗaukar buhunan masara da ita daga ƙauyuka zuwa Kasuwar Muda Lawal. Tun kafin ruwan ya ɗauke na riga na yanke abin da zan yi da ita. Zan mai da ita motar mahaifina, in ajiye a gabansa, in ga ko zai iya kau da kai.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan mahaifin Baffa aka sa mini, saboda haka kunya biyu ta haɗu a kaina. Baffa bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake idan ina kusa, "wancan yaron" idan ina nesa. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna wasa da gemunsa, ni kuwa ko tabarma ɗaya ba ma haɗawa. In na zo na ɗaya a aji, miƙa wa Inna takardar yake yi ba tare da ya buɗe ba, ita ma ta cusa a ƙarƙashin katifa, don ita ma tata kunyar take yi. In faɗa ya haɗa ni da ɗan maƙwabta, ni ake fara zanewa kafin a tambayi wanda ya tsokani wani. Mutane suna yabonsa a kan haka, suna cewa Baffa mutum ne mai kara, wato ba ya fifita nasa a kan na wani. Ni dai a lokacin ban ga abin yabo ba, kuma gaskiya har yau da furfura a kaina ban gani ba. Abu ɗaya nake nema a wurinsa, ya dubi wani abu da hannuna ya yi ya ce ya yi kyau.

Daminar nan gaba ɗaya a kan motar ta ƙare. Ba ni da lokaci sai Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, sai kuma ɗan abin da na sata tsakanin ɗebo ruwa da yankan ciyawar tumaki. Asabar da Lahadi na gona ne a Inkil. A bayan motar Baffa muke tafiya, mu da fartanyoyi da tulun kunu, ƙannena suna waƙa suna ɗaga wa mutane hannu, ni kuwa ina haddace motar. Na san inda fentinta ya kwaile, na san fitilar baya ta hagu a fashe take, na san ƙofar direba fara ce alhali sauran jikin shuɗi ne, tun wani karo da aka yi da ita a hanyar Dass aka sa mata ƙofar wata motar. Ina noma ina maimaita waɗannan a raina, har Baffa ya kan ɗaga murya daga can kunyarsa ya ce a gaya wa wancan yaron masara yake sarewa, ba ciyawa ba.

Kayan cikin kwalin ba su cika ba. Taya ɗaya ta ɓata, gilashin gaba babu, bambar baya ta karye gida uku. Tayar na yanke ta daga tsohon silifan Inna da reza, na yi ta goga ta a dutse har ta zo daidai da sauran, bayan na lalata guda huɗu na kuma yanke yatsa. Gilashin daga farar robar kwalin sabuwar riga muka fitar da shi, bambar kuma daga gwangwanin madara. Da tsinken tsintsiya nake ɗiga gam, domin Baba Bitrus ya ce in ya ga gam ya tsatso ta gefe zai karɓe kayansa. Da muka zo fenti na ɗauka irin na manyan motoci zai fesa mata. Sai ya zuba tina, wato ruwan da suke tsinka fentin mota da shi, a murfin kwalba, ya jefa wani guntun robar da ba a bukata a ciki. Ina kallo ya narke ya zama kamar alewar da ta kwana a aljihu. Fentin mai muka tsinka da kananzir, na yi burushi da gashin jelar akuyarmu, akuyar da ba ta sake yarda na matso kusa da ita ba.

Shafi uku aka yi mata, kowanne siriri, kuma kowanne sai ya kwana biyu a ƙarƙashin kwano kafin a ƙara wani. A shafi na biyu haƙurina ya gaza, na ɗaga kwanon na ɗan taɓa rufin in ji ko ya bushe. Washegari Baba Bitrus ya ɗaga ta sama ya nuna mini zanen babban yatsana kwance a kai. "Ka taɓa shi, ko? Kankare, ka sake." Na yi kuka, na kankare da samfefa da ruwa, na sake. Na bar ƙofar direba fara, na ɗiga baƙi a fitilar hagu, na ɗinka ƙananan buhuna shida da tsumma na cika su da yashi na jera a baya. Ranar da na gama, Baba Bitrus ya kira makanikan da ke maƙwabtaka da shi, manyan mutane da gemu, suka tsuguna suna leƙa sitiyarin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ɗayansu ya ce, "Kai, wannan ai motar mai masaran nan ce ta Ƙofar Ran!" Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Na zaɓi ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da Baffa yake zama a zaure ya ci abinci ransa a sake. Abin da ban sani ba shi ne yana da baƙo, wani Alhaji Garba abokin cinikinsa, wanda ya zo da ɗansa Nasiru, yaro ɗan shekara biyar. Na riga na shigo da motar a kan murfin kwano, babu damar juyawa. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye ta a gefen tabarma. Baffa ya dube ta. Wannan kam ba wanda zai ce mini bai gani ba, domin ina kallon idonsa lokacin da ya sauka a kan farar ƙofar ya tsaya, har lomar da ke hannunsa ta dakata a hanya. Alhaji Garba ya yi salati ya ce wannan ai motarka ce, wa ya yi wannan aiki? Baffa ya kai lomarsa baki ya ce, "Aikin banza ne na yara."

Sai Nasiru ya miƙa hannu. Na janye murfin kwanon, shi kuwa ya ɓare baki ya faɗi yana shure-shure. Ubansa ya fara cewa a'a, a bar wa mai ita, amma Baffa ya riga ya ɗauke ta da hannunsa mai maiƙon miya ya ɗora a cinyar yaron. "Ungo, taka ce. Kai, samo masa zare ya ja." Ni aka aika. Da ƙafata na shiga cikin gida na karɓo zaren buhu a wurin Inna, da hannuna na ɗaura shi a bambar gaba, saboda na san in wani ya ɗaura zai karya ta. Na ce a hankali, ba ta ja ba ce, ta kallo ce, amma maganar yaro a gaban manya ba ta wuce haɓarsa. Nasiru ya fita da ita lungu da gudu. Tayoyinta a manne suke, ba a yi su don su juya ba, saboda haka a kan cikinta ta bi shi, tana tuntsurawa a kan tsakuwa. Kafin su kai bakin titi gilashin ya fita, buhunan sun watse, rufin ya rabu da jikin. Da za su tafi ya tattara abin da ya saura a aljihun rigarsa, ubansa yana ta godiya yana cewa Baffa ya cika mutumin kirki.

Ban ci tuwo ba ranar. Inna ta same ni a bayan turken tumaki ta tsaya daga nesa, ta ce in share hawaye kada a ji, babba da ni ina kuka a kan abin wasa, ai an yi wa gidanmu kyakkyawar shaida. Sai da na yi mako biyu ina canza hanya kafin na iya zuwa gareji. Baba Bitrus ya saurare ni har na gama yana goge hannu da tsumma. "Ku mutanen cikin gari, kunyan ku ya yi yawa," ya ce. "Ni in yarona ya yi wannan, sai duk unguwanmu Yelwa sun ji." Ya ce in kawo gutsattsarin mu gyara, na ce babu abin da ya rage. Daga nan ban ƙara tsayawa a rumfarsa ba, domin warin fenti kawai ya isa ya tayar mini da abin. Har ya tashi daga wurin ban je na yi masa sallama ba, kuma wannan laifina ne ni kaɗai.

Sai da na yi aure na haihu na koma wa ƙananan motoci. Yanzu ta waya nake sayensu, su iso da kayansu cikakku, da gam ɗinsu da fentin da aka yi domin roba, ba mai bukatar jelar akuya. Na kan karɓi waɗanda suka karye a hannun mutane in tashe su. Ina da kabad na gilashi a falo, da makulli. 'Yata ta fari, Hauwa, da sunanta nake kiranta a gaban kowa, har dangi suna cewa boko ya cinye ni. Bara ta haɗa motarta ta farko, ja, fentin duk ya yi kauri a gefe guda. Ɗan wata baƙuwa ya gani ya kama kuka, uwar tana kallona tana jira. Na ce ta Hauwa ce, ba a bayarwa, na kawo masa biskit. Bayan sun tafi Inna, wadda take zaune a wurina yanzu, ta kira ni ɗakinta ta ce na ba ta kunya. "Ubanka ba zai taɓa yin haka ba," in ji ta. Na ce, "Na sani, Inna."

Baffa ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya sayar da gonar Inkil ya kai ni jami'a, ban manta ko ɗaya ba, kuma ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Na sha zama da shi a asibiti a ciwonsa na ƙarshe, mu biyu kaɗai, tambayar tana bakina, amma kunyar da ya koya mini ta hana ni buɗe shi. Shekararsa tara ke nan a ƙasa. Har yau ban san ko motar ta yi masa kyau ba.