Jar Saniyar Yero

Da kaka ne, a wajajen 1950, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, Yero ya ba ni aron saniya a bakin kogin Katagum. La'asar ta yi sanyi, ruwa ya fara ja da baya ya bar laka mai sulɓi a gaɓa, shanun rugar su Yero suna gangarowa shan ruwa suna kaɗa jela. Ni kuwa kakata ce ta aiko ni wankin ƙore. Can a gindin wata goruba na hangi yaro siriri, sa'ana ko ya ɗan girme ni, ya jingine sandarsa ya jera nasa garken a gabansa: shanun laka, wasu farare da ya shafe da toka, wasu baƙaƙe, kowace da tozonta da ƙahonin farar ƙaya. Na ajiye ƙoren na tsaya kallo, ban san na daɗe ba sai da ya ɗago kai ya tambaye ni ina nawa shanun. Na ce ba ni da ko ɗaya. Ya dube ni yadda ake duban maraya, sannan ya zaɓo wata ja mai sheƙi, wadda ya gasa a wutar kashin shanu har ta yi tauri kamar tsingaro, ya ɗora mini a tafin hannu. "Ungo, 'yar birni. Ba kyauta ba ce fa. In ta haihu sau uku ki riƙe 'ya'yan, ki dawo mini da uwar."

Daga baya na gane cewa ba shi ya ƙirƙiro wannan ba. Haka manyansu suke yi da shanun gaske: mai garke ya ba wanda ba shi da komai riƙon karsana, ta haifa masa, shi ma ya kafa nasa garken, sannan ya mayar da ita ga mai ita cikin mutunci. Yaran ruga sun ɗauki al'adar da dokokinta duka sun kai ta bakin kogi. Abu biyu kawai suka sauya: shekarar saniyar laka daga kasuwa zuwa kasuwa ce, kuma ba ta haihuwa sai mai riƙonta ya gina ɗan maraƙin da hannunsa.

A Azare aka haife ni, a gidan wani ɗan kasuwa mai fataucin kanwa da fatu, kuma ba zan ce na tashi ba kayan wasa ba. Muna da 'yan tsana na ƙashin ƙafar akuya, mu liƙa musu kai da danƙo, mu yi musu kitso da baƙin zare, mu ɗaura musu zane da ƙyallen da muka tsinto a ƙofar maɗinki. Muna dafa tuwon ƙasa a sakaina da miyar ganyen zogale, mu kai wa juna gida-gida har da gaisuwa. Yayyena maza su ne masu motar kara, su feƙe ɓawon karan dawa su soke totuwa da shi, su yi mata ƙafafu da fasasshiyar ƙwarya, su ja ta cikin lungu suna kwaikwayon kukan motocin da ke zuwa ɗaukar gyaɗa. In an taso daga makarantar allo kuwa, kafin a kira mu ɓarar gyaɗa ko tankaɗe, sai mu zube a zaure mu yi carafke da duwatsun da kowa ke ɓoyewa a bakin zaninta. Amma duk waɗannan, in aka gama wasa an gama. Ba wanda ke jiran kome daga 'yar tsana. Jar saniyar nan ita ce abin wasa na farko da ya zo mini da nauyi a wuya.

Wata biyu ko uku na yi a Katagum wurin kakata, Iya, wadda take zaune a wani tsohon gida kusa da rusasshiyar ganuwa. Da safe muna roron wake, da rana ina taya ta tsaga kaba don saƙar faifai, da yamma kuma in nemi dalilin zuwa kogi. Yero ya yi iya ƙoƙarinsa a kaina. Yakan mulmula laka ya ɗora babban yatsansa a kai ya ce, "Daga tozo ake farawa," sai in ga wuya ya fito, baya ya miƙe, ƙafafu huɗu sun sauko kamar da ma suna ciki suna jira. Ni kuwa in na taɓa, sai abu ya baje. Na farko da na gina na kawo masa, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai kwaɗo ta haifa miki. Saniyata ba ta taɓa haihuwar kwaɗo ba." Sauran yaran suka yi ta birgima don dariya. Na roƙe shi ya gina mini a ɓoye, ya ƙi, ya ce mai riƙon saniya shi ke karɓar haihuwarta. Ranar da na gaji na miƙa masa abarsa, sai ya mayar da hannayensa baya. "Ba a dawo da ita haka. Sai a ce juya na ba ki."

Na kai ƙara wurin Iya ina zaton za ta ce wasan yara ne. Ba ta ce ba. Ta taɓa zama da makiyaya, tana jin harshensu, ta kuma gaya mini cewa mayar da saniyar riƙo ba ta haihu ba kunya ce ga mai bayarwa da mai karɓa. "Wasan da aka aro daga manya da dokarsa yake zuwa," in ji ta, ta ci gaba da saƙarta. Ba a daɗe ba mahaifina ya biyo ta Katagum da jakunansa ya tafi da ni. Da na komo kakar da ta biyo baya, babu kome a mazaunin rugar sai da'irar toka da turaku. Wasu suka ce sun yi wajen Sakwa, wasu suka ce sun haye kogi.

Haka saniyar ta bi ni rayuwa a ƙasan adudu, naɗe cikin tsohon kallabi. Ta bi ni gidan aure, ta ga haihuwar 'ya'yana, ƙahoninta na ƙaya suka karye na sake mata wasu ban san sau nawa ba. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai barkwanci, in ya gan ni na fito da ita yakan ce, "Mai garke, yau ba za a sam mana nono ba?" Lokaci-lokaci, in an jiƙa ƙasa don yaɓen ɗaki, nakan ɗebi kaɗan in koma bayan rumbu in gwada. Kullum kwaɗo ne.

Sai da 'ya'ya suka girma na samu hannuna ya zama nawa. Na shiga ajin yaƙi da jahilci tare da matan da na haifi sa'o'insu, na koyi haɗa baƙi da wasali, daga nan kuma na faɗa karatun 'yan littattafan soyayyar nan da ake sayarwa a kasuwa kusa da masu turare. Ba na jin kunyar cewa duk saurayin da aka siffanta a ciki, dogo mai sanyin murya, a gindin goruba nake zaunar da shi in ba shi sanda. Amma in zan faɗi gaskiya, fuskar Yero ta daɗe da ɓace mini. Abin da ya rage shi ne babban yatsa a kan laka. Bayan karatu na koyi taka keken ɗinki, na koyi ɗinkin hula, har na iya haɗa man shafawa. Kowanne na ɗauka sai na ga ya zo hannu, wani da wuri wani da wahala, sai na fara tunanin cewa watakila ba hannuna ne ya ƙi laka ba, haƙurin yarinya ne bai kai ba.

Bayan na fita takaba na nemi wata maginiyar tukwane, Talatu, mutuniyar Shira da ke zaune a bayan gari. Da na kwance kallabi na nuna mata abin da ya kawo ni, ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, mutane na zuwa koyon tulu, ke kin zo koyon saniya?" Ta yarda, amma bisa sharaɗin sai na fara da abin da kowa ke farawa. Na koyi jiƙa yumɓu a bar shi ya kwana, na koyi cuɗa shi da garin tsingaro don kada ya tsage a wuta, na tattake shi da ƙafafun da ke kukan sanyin ƙashi. Na yi kasko karkatacce, na yi murfin tukunya da bai rufe kome ba. Jikokina suna ta yi mini tsiya cewa na koma yarinta, babban cikinsu har yana cewa zai saya mini saniyar roba in huta. Wata rana ina gyara bakin wani ɗan kasko, Talatu ta buge mini hannu ta ce ina matse yumɓu kamar mai bin sa bashin rai, in sassauta, in tura shi kawai ya tafi. Da yammar nan na mulmula wani guntu, na ɗora yatsa, na tura a hankali. Tozo ya tashi. Wuya ya bi shi.

Ban gina ukun a rana ɗaya ba. Na bar kasuwa guda tsakanin kowane maraƙi da ɗan'uwansa, yadda doka ta ce, Talatu kuma ta gasa mini su a cikin tukwanenta. Sai neman mai saniya. Wannan ne ya fi tsorata ni, don mu duka mun kai shekarun da in aka tambayi mutum akan ji an ce sai dai addu'a. Na yi ta tambayar masu tallan nono, wannan ta tura ni wurin waccan, har wata dattijuwa ta ce akwai wani Yero da zuriyarsa suka zauna a gefen Gololo, wanda da can iyayensa ke sauka da shanu a Katagum lokacin kaka.

Jikana ya kai ni a mota. Muka tarar da wani tsoho ƙanƙane a kan buzu a inuwar bukka, yanar ido ta rufe masa gani, babu tsawon nan, babu sanyin muryar da na ba shi a littattafai. Aka ce masa ga wata Hajiya daga Azare. Muka gaisa, na faɗi sunana da na Iya, bai tuna ko ɗaya ba. Sai na kwance kallabi na sa masa saniyar a hannu. Ya shafa ƙahonin, ya bi bayanta, ya juya ta ya sa babban yatsansa a wani ɗan lotsi da ke ƙarƙashin cikinta, yatsan ya zauna daram. Sai ya yi dariya har da tari.

"Mai kwaɗi! Ke ce?"

"Ni ce, Malam Yero."

"To, ta haihu?"

Na jera masa su a kan buzun. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana lalube, bai yi gaggawa ba, kamar mai ciniki a kasuwar shanu. Ya ce na farkon tozonsa ya yi yawa, na biyun ƙafarsa ta baya gajera ce, amma dai duka 'ya'yan shanu ne, ba wanda zai ce ba jininta ba ne. Ya turo mini su gabana ya ce nawa ne, Allah ya sa albarka. Uwar kuwa ya auna ta a tafinsa ya ce zaman birni bai karɓe ta ba, ta rame. Matan gidan da suka taru suna ta dariya, amma ba wadda ta ce wasa muke yi. Kafin mu tashi ya kira wata 'yar maƙwabta da ke leƙe daga bayan zana, ya tambaye ta shanunta nawa. Ta ce ba ta da ko ɗaya. Ya miƙa mata jar saniyar, na ji yana gaya mata da harshensu abin da na tabbata shi ne ya gaya mini a bakin kogi.

Yanzu yaran unguwarmu motocinsu na roba ne, masu fitila da kuka, ana sayo su a kasuwa da safe a tsince su a kwata kafin sati ya zagayo, ba kuma wanda ke tambayar inda suka tafi. Ban ce nasu bai kai namu daɗi ba, don na ga yadda idonsu ke haske. Sai dai ban ga wanda ke zuwa da alkawari a jikinsa ba. Maruƙana uku suna kan taga, rana na dukansu da hantsi, adudu kuma ya zama wurin ajiye zannuwa kawai. Wani lokaci nakan ɗaga murfinsa da niyyar gyara ƙaho, sai in tuna tana can Gololo a hannun wata yarinya, ana jiran haihuwarta ta gaba.

Ashe saniyar ba juya ba ce, makiyayiyar ce ta makara.