Igiya Mai Ƙulli Goma Sha Ɗaya

Tun hantsi yake tsugune a ƙofar ofishin En'e, takalmansa na taya a ajiye gefe, don bai saba taka ƙofar hukuma da takalmi ba. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, jar ƙasa ta rine masa farata. Da ganinsa ka san mahaƙin rijiya ne, wataƙila daga wajen Kakangi.

Gwamnati ta rushe majalisar En'e, ta turo masu bincike daga Kaduna, an yi shela kowa ya kawo kukansa. Shi igiya ya kawo, mai ƙulli goma sha ɗaya. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa: kowane ƙulli zurfin gaba guda ne na rijiyar da majalisa ta sa shi haƙawa. Siminti bai zo ba, damina ta rufta ramin, amma a takarda an ce an gama, har mata na ɗiba.

Akawun masu bincike ya leƙo. "Baba, ina shaidarka?"

Ga dattijon yana warware igiyar a ƙasa.

"Baba, takarda muke karɓa."

Takarda! Ai ita ce sana'ar waɗanda suka cinye simintin.

"To, ranka ya daɗe," in ji dattijon, "ku aika wa matanmu takardar, su zura ta su ɗebo ruwa."

Ya sa takalmansa, ya taka dokin ƙofar da su.