Larabar da Na Bi Baba Sabon Gari

Ni mutum ne mai zargi, kuma sana'a ce ta mayar da ni haka. Wanda ya yi shekaru yana sayar da atamfa a Kantin Kwari ba ya yarda da dila sai ya kwance ta, ba ya yarda da turmi sai ya murza bakinsa da yatsa. Matata takan ce ko ruwa ta miƙo mini sai na leƙa gindin kofin. Da na tsaya a kan atamfa da kofi, da an zauna lafiya. Sai na kai halin nan kan mahaifina.

Baba tsohon malamin sakandare ne, Arabiyya ya koyar har ya yi ritaya. Shi ke jan sallah a ƙaramin masallacin layinmu a Fagge tun ina yaro. Limancin ba albashi gare shi ba, amma bayan rasuwar Inna shi ne abin da ke tashinsa daga tabarma sau biyar a rana.

Sai aka lura kowace Laraba, da an sallame la'asar, yakan tare adaidaita ya ce Sabon Gari, ba ya dawowa sai daf da magariba. In an tambaye shi, ya ce ziyara. Dattijon Fagge ya riƙa zuwa Sabon Gari shi kaɗai, kowa ya san abin da ke fara zuwa zukatan mutane. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa karɓar babbar rigarsa kamar zan rataye masa, na shinshina. Turare kawai na ji, da hayaƙin adaidaita.

Wata rana Kawu, ƙanin Inna, wanda shi ne shugaban kwamitin masallacin, ya zo rumfata ya ja ni gefe.

"Da abin da ake tunani ne, da da sauƙi," in ji shi. "Wani mai kai kaya daga Kasuwar Singa ya wuce ta wani gida, ya ji muryar Malam yana cewa duniya ba ta da farko. Ka san ma'anar wannan? Abin da ba shi da farko ai ba a halicce shi ba. To sallarmu a bayansa fa? Kai ɗansa ne, je ka ji da kunnenka."

Na yi fushi, na ce ƙarya ake masa. Amma Laraba na zuwa na rufe rumfa da wuri na bi shi.

Ya sauka a wani tsohon gida mai baranda, a bayan masu sayar da kayan gyaran mota. Na ba shi ɗan lokaci, sannan na raɓe jikin tagar falon. Akwai labule, ba na ganin kowa, amma muryar tasa ce.

"Duniya ba ta da farko," Baba ke faɗa, har da ɗaga murya. "In ka ce ta fara, me ke nan kafin ta fara? In ka ce babu komai, me ya sa ta fara a lokacin, ba ta fara kafinsa ba? Masana sun ce komai ya taso daga fashewa guda. To wa ya ce ita ce ta fari? Kafin ita akwai wata, kafin waccan ma akwai wata, haka nan ba iyaka."

Sai na ji ƙwas ƙwas, kamar ƙarfe a kan katako. Baba ya koma ya ƙara ƙarfafa maganar. Na juya na tafi.

Kawu ya tambaye ni, na ce na ji. Cikin mako aka lallaɓa Baba aka ce ya huta saboda ciwon gwiwa, aka gabatar da wani matashi. Baba ya ce, "To, madalla." Bai tambayi dalili ba, ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Ya koma sahun farko, daga baya na biyu, daga baya ya fara yin wasu salloli a ɗaki. Laraba dai bai fasa ba.

Bayan wasu watanni ciwon gwiwar ya zama na gaske. Wata Laraba ya kira ni ya ce, "Zo ka kai ni, ba na iya hawa adaidaita ni kaɗai."

Wata mata ta buɗe mana ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi da Hausa tsantsa. A falon ga wani tsoho a keken marasa lafiya, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa a karkace. Gabansa kujeru biyu. Matar ta raɗa mini cewa mahaifinta ne, malamin kimiyya, tare suka koyar da Baba. Tun suna samari suke musu a kan abu guda, ko duniya tana da farko. Mahaifin nata mai zuwa coci ne, amma ya ɗauki ɓangaren babu farko don ya ga iyakar hujjar abokinsa. Da ciwon ya ɗauke masa magana sai ya daina cin abinci, har ranar da Baba ya zo ya ce zai riƙa yi masa musun.

Baba ya zauna a kujerar hagu ya fara, da irin lafazin da na ji ta taga. Duk inda ya sassauta, tsohon ya buga zobensa a hannun keken, ƙwas ƙwas, dole ya koma ya gyara. Haka aka koyar da su Baba a zaure, ba a rushe hujjar abokin musu sai an tsayar masa da ita da ƙafafunta. Da tsohon ya gamsu, Baba ya dafa ni ya koma kujerar dama.

"To saurara," ya ce. "In kwanakin da suka shuɗe ba su da farko, ba su da adadi ke nan. Abin da ba shi da adadi ba a gama ƙetare shi. To yaya aka yi muka iso yau, har ga mu zaune? Tunda mun iso, akwai inda aka faro, kuma akwai Wanda ya fara ta."

Tsohon ya yi wata dariya da rabin baki, yawu na zubo masa, 'yarsa na gogewa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Da muka fito na ce, "Baba, yanzun nan zan je wurin Kawu in faɗa masa komai."

"Faɗa masa," ya ce. "Sai dai gwiwar ba ta ruku'u yanzu. Limamin da ke sallah a zaune ai ba a neme shi ba."

Muka tsaya jiran adaidaita, hannunsa a kafaɗata. Ya dubi tagar nan.

"Ranar da ka tsaya a can, na ga inuwar hularka a labule. Na so in yi sauri in kai ga amsar kafin ka tafi. Sai ya buga zoben, wai ban gama tasa hujjar ba. Ba shi da bakin da zai gama ta da kansa, ka gani. Da na ɗago, babu hular."