Baba Gambo da Ƙarar Injin Motar Guri

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a gareji ina jiran Baba Gambo bakanike, sai maƙwabcinsa ya shigo ya tsuguna, ya ce mini Baba ya cika bayan sallar asuba. Na yi salati, na sake yi. Sai kawai na ji bakina ya ce, "To, motar fa?" Har yanzu ban gane yadda wannan magana ta riga sauran fitowa ba.

Ni ne akawun maigidanmu, mai fataucin hatsi a nan Haɗeja, kuma ni ke cewa mota ta fita ko ta tsaya. Babbar mota ɗaya gare mu, Baba Gambo ke gyaranta tun da ya dawo daga soja, inda ya koyi aikin a hannun Turawa. A ranar tana tsaye maƙil da geron mutanen Guri, waɗanda rumbunansu suka ƙare, ga kogi ya fara hawa fadama. In ruwa ya rufe hanya, ba mota sai bayan kaka. Injin kuma yana ta wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, in an taka mai ta ƙara sauri.

Baba mutum ne marar gaggawa. Ba ya ɗaukar sufana sai ya gaisa da kowa. Kafin ya shiga masallaci sai ya goge hannunsa da toka, don kada ya ɓata tabarmar jama'a da baƙin mai. Matan unguwa kan aiko masa da keken ɗinki ko fitilar da ta ƙi ci, ban taɓa jin ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta ba. Yana da wata 'yar sandar gora da yake dafa wa inji, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido. Yakan ce, "Ƙarar sama tana kai ka gida. Ta ƙasa kuwa a daji take ajiye ka."

Bara motar ta yi irin wannan ƙara. Ya duba baƙin mai, ya same shi daidai. Ya buɗe murfin kan injin ya ɗaure tafet, wato 'yan ƙarafan da ke buɗe wa inji numfashi. Yana cikin mayar da murfin sai ya hango laya rataye kusa da fanka. Mahaifiyar Bukar direbanmu ce ta sa aka ɗaura ta, igiyar fatar kuma ta sha ruwan ƙetare fadama har ta saki.

"Bukar, wannan fasinjan ya biya kuwa?"

"Baba, don Allah kada ka taɓa. Iya za ta cinye ni ɗanye."

"Da gemunka?"

"Gemun ma za ta haɗa da shi."

Baba bai cire layar ba. Ya yi bisimilla, ya matsar da ita gefe, ya ɗaure da waya. Aka tayar da mota, ƙara ta ɗauke. Na tambaye shi wanne ne ya jawo ta, tafet ko layar. Ya ce, "Malam akawu, abu biyu na taɓa a tare. In na ce maka na sani, na yi ƙarya." Na daɗe ina juya amsar nan. Wani lokaci in ga gaskiya ce tsagwaronta, wani lokaci in ga ya sani sarai, Bukar ne ba ya so a yi wa dariya a tasha.

Da muka dawo daga maƙabarta, ni da Bukar muka ɗauko sandar. Layar tana inda Baba ya ɗaure ta, nesa da fanka. Na dafa a sama, na ji ƙarar. Na dafa a ƙasa, nan ma na ji ta. Bukar ya rantse ta sama ce. Na ce ta ƙasa ce, na sake saurara, na ce ban sani ba. Wani bakaniken sai an aika Kano, kafin ya iso kuwa ruwa ya gama shiga.

Jiya Bukar ya same ni ya ce, "Malam, ni zan tuƙa, kai dai ka ce in tafi." Na ce ya tafi. Na tsaya a bakin titi ina jin ƙarar har ta ɓace, kuma har wannan lokaci da nake rubutu ba wanda ya zo da labarinsa.

Ya Allah, ka jiƙan Gambo, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka rufa asirin mai ɗakinsa da 'ya'yansa, ka ba su haƙurin rashinsa. Bukar kuma, da geron da ya ɗauka, Allah ka ƙetarar da su fadama kafin ruwa. Amin.