Moksed Mondal Ya Shiga Ƙofar Shinge Bai Fito Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Da asubahin Talata, sha biyu ga Nuwamba, Allah ya karɓi ran Moksed Ali Mondal na ƙauyenmu Hijaltala, bayan gajeriyar jinya. Mun yi masa wanka, mun sallace shi, mun binne shi da hannunmu. Na faɗi haka dalla-dalla ne domin har yau hukuma ba ta yarda ya mutu ba.

Moksed, tare muka tashi. Ni na bi makaranta har na tsufa ina koyarwa, kai ka riƙi garma. Muna gani aka ja shingen waya na kan iyaka ta bayan gidajenmu, gonakinmu da maƙabartarmu suka koma waje, alhali a ƙasarmu suke. Tun daga nan ba mai zuwa gonarsa sai ya ajiye katin shaidarsa wurin sojojin ƙofa, a rubuta sunansa, in ya fito kafin la'asar ya karɓi abinsa. Ranar farko ka ce mini, "Malam, kai da ka yi karatu, gonar aka ɗaure ko mu?" Dariya na yi.

Da aka hana shuka rama, wai tsayinta na tare wa sojoji gani, kai ka raba irin shinkafarka ga waɗanda ba su da shi. In mutum ɗaya ya makara, gari duka ake rufe wa ƙofa washegari, saboda haka ka ɗora wa kanka bin gonaki kana koro mutane, dammin shinkafar wata gwauruwa a kanka, kana yi wa tsofaffi tsiya cewa kunkuru ya fi su sauri. Lokacin sanyi kuma ka kai wa sojojin tulun ruwan dabino. Da na yi maka ƙorafi ka ce, "Su ma 'ya'yan wasu ne, an jefo su nesa da gida."

Ranar jana'izarka baƙon soja muka tarar a ƙofa, bai daɗe da zuwa ba. Ya ce kowa da katinsa, ya nuna makara.

Ɗanka Rejaul ya ce, "Ranka ya daɗe, babana ne, ya rasu."

Sojan ya ce, "Zai bi ta ƙofar nan ko ba zai bi ba?"

Rejaul ya zaro katinka ya miƙa, aka rubuta sunanka. Ba wanda ya ga aibun haka a cikinmu, hannunmu ya riga ya saba. Muka binne ka, muka fito, kowa ya karɓi nasa, naka ya saura.

Washegari aka sanar cewa mutum ɗaya daga Hijaltala ya shiga bai fito ba, kuma a ƙa'ida irin wannan ana ɗaukar ya tsallaka ƙasar maƙwabta. An hana iyalinka shiga gona sai ka dawo. Shinkafar ta nuna har ta fara sunkuyawa, kuma ita ce abincin gidanka na shekara.

Na je wurin babban sojan ƙofar. Mutum ne mai ladabi, har shayi ya ba ni. Ya ce ya san ka, ya sha ruwan dabinonka, amma sunan da aka rubuta ba ya goguwa sai da takardar shaidar mutuwa. A ofishin gunduma aka ce ba a ba da ita ga wanda ake nema, sai ma'aikacinsu ya ga kabari. Ma'aikacin kuwa ba za a bar shi ya shiga ba, tunda ba shi da gona a can. Maƙwabtanka sun ce za su shiga da laujensu su girbe wa iyalinka, aka ce gonarsa kaɗai aka yarda kowa ya taɓa. Na ƙarar da ƙuruciyata ina karanta wa yara haƙƙin ɗan ƙasa, ga shi na rasa ƙofar da zan kai ƙara. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya ƙaryata mu. Ko wanda zan yi fushi da shi ban samu ba.

Jiya hukuma ta aiko wani saurayi ya tambayi matarka Anowara, tana cikin takaba, ko kana da dangi a bayan shinge. Ta amsa daga bayan labule, "Yana da su, ɗana. Uwarsa da ubansa da kakanninsa, duk suna can jere da shi. In kamo su za ku yi, ku tafi da shebur." Yaron ya sunkuyar da kai, amma sai da ya rubuta cewa kana da dangi a can.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anowara Bibi, da Rejaul da ƙannensa, da jama'ar Hijaltala baki ɗaya. Allah ya jiƙan ka, Moksed, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna. Ya ba iyalinka haƙurin rashinka. Ya kuma riƙe shinkafar nan a tsaye, kada ta zube, har ranar da za a yarda ka mutu.