Lambar Sirrin Alhaji Buba

Ni ɗan Danchadi ne, kuma ba ɓarawo aka haife ni ba. Ina yaro a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, mahaifina yana dakon albasa a kasuwar Bodinga. Wata rana wani dillali, Alhaji Buba, ya ce buhu ɗaya ya ɓata, ya kwaɗa masa mari a gabana. Mahaifina ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ƙulla abin a zuciya.

Bayan shekaru da yawa na buɗe shagon cajin waya, ina buɗe wa mutane asusun banki da na saƙonni. Sai ga Alhaji Buba, ya tsufa, riƙe da sabuwar waya. Bai gane ni ba.

"Yaro, aza mini lambar sirri wadda ba ni mancewa," in ji shi.

"Wace za a aza, Baba?"

"Ƙarshen lambar wayag ga. Ita ɗai ka aza ko'ina."

Ni na danna masa ita da hannuna. Wallahi daɗi ya kama ni. Da lambar nan guda na shiga bankinsa na kwashe, na shiga saƙonninsa na yaudari masu sayen albasarsa da sunansa. Na so ya sunkuya a kasuwa, kuma ya sunkuya, har ya sayar da gonarsa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ashe kuɗin na manoman Mandera ne da suka ba shi albasa ya sayar musu, har da mijin ƙanwata. Da asirina ya tonu aka kama ni, ƙanwar tawa ta zo kotu ta dube ni ta ce, "Yaya, abincin ɗiyana ka ci." Na yi shekara uku a gidan yari da maganar nan a kunnena.

Na fito, na tuba, ko da yake har yau zuciyata takan tafasa. Ku matasa, kada ku bi hanyata. Kowane asusu ku ba shi lambarsa dabam, ba ta waya ba, ba shekarar haihuwa ba. Ku koya wa iyayenku su danna da kansu, domin ba ku san abin da mai shago ya ƙulla ba. Ko ni na miƙo hannu ina murmushi, kada ku ba ni.