Katakon da Ya Rage wa Wendell

Mijina Wendell Sprague ya yi rabin rayuwarsa yana fere ƙafafun kujeru a masana'antar katako da ke bakin kogi. Da aka rufe ta, wasu abokan aikinsa suka koma tuƙin manyan motoci, wasu suka koma kwalba. Shi kuwa ya share rumfar bayan gida, ya kafa murhun itace, ya ce jita zai riƙa yi. Ba irin ta kanti mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ba, irin wadda ake sassaƙa fuskarta da bayanta su yi tudu kamar bayan kunkuru. Har yau bai iya kaɗawa ba. Sassaƙa dai ya iya, kuma makaɗan wannan yanki namu na Vermont a Amurka sun san da haka.

Gangar jikin jita ba ta taɓa ba shi wahala ba. Wuyanta ne ciwon kansa. Tsirkiyoyin ƙarfe suna jan wuyan nan ba hutu. Lokacin sanyi murhu ya busar da gida, katako ya tsuke, in zafi ya zo da laima ya kumbura. Akwai sandar ƙarfe da yake binnewa a cikin kowane wuya, in ya lanƙwashe a ɗaure ta ya miƙe. Amma in wuya ya murɗe, kamar an matse tsumma, sandar nan ba ta da abin cewa.

A gangaren bayan gidanmu akwai wata tsohuwar bishiyar maful da ubansa ya riƙa tatsar ruwanta mai zaƙi kowace shekara. A karkace ta girma, ta sunkuya kan kwari. Da iska ta kayar da ita, Wendell ya sa aka yanka masa ita, ya jera katakon a saman rumfa shekara da shekaru yana bushewa. Katako ne mai kyau, ba zan hana shi ba, zanensa kamar ruwa in iska ta taɓa shi. Amma yawancinsa ya tsattsage, uku kaɗai suka isa a fitar da wuya.

Sai ga Delbert Roy, wanda ke kiɗa a otal ranar Asabar, ya zo yana son jita. Tare suka yi makaranta da Wendell. Nan take Wendell ya ce wuyanta daga bishiyar Baba zai fito, katako guda, ba haɗi. Ya yi ta, Delbert ya tafi da ita yana murna.

Ƙanƙara na narkewa, hanya ta zama taɓo, na hango motar Delbert tana hawowa. Ya shigo da akwatin jita a hannu.

"Mutumina," in ji Delbert, "na ce ka yi mini jita, ka yi mini baka. Ina kibiyoyin?"

"Yatsunka ne suka tsufa."

"Yatsuna lafiya lau. Duba da kanka."

Wendell ya ɗora gindin jitar a kan tebur, ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo kamar mai saita bindiga. Wuyan ya murɗe. Ya hura tururi a mahaɗar har gam ya saki, ya zare wuyan, ya ɗauko katako na biyu. Wannan karon ya fere shi kaɗan ya rataye, ya sake ferewa ya rataye, don duk motsin da zai yi ya yi tun kafin a ɗaura tsirkiya. Banza. Da taɓo ya zagayo, motar Delbert ta sake hawowa.

Abin da ya fi ba ni haushi, Wendell ya san dalili. Da kunnena na ji yana gaya wa wasu cewa bishiyar da ta girma a karkace ta yi rayuwarta tana jan kanta kada ta faɗi, kuma jan nan ba ya fita daga katakon ko ya shekara ɗari a rataye. Maganinsa ma ya sani. A tsaga katakon biyu, a juya rabi ɗaya, a manne su, murɗewar wannan ta danne ta wancan. Da na wani ne, da tuni ya yi. Amma wannan na Baba ne, ba ya son a ga layin haɗi.

A lokacin hannunsa ya fara rawa. Kofi yakan zube masa a riga. Katako ɗaya ya rage, mai siririn jiki, in zarto ya kauce ko kaɗan shi ke nan.

"Ka jefa shi a murhu, tsoho," na ce masa. "Ka sayo wani. Ko ba komai mu ji ɗumi."

"Lorna, ki bar maganar da ba ki sani ba."

"Na san ubanka. Shi ma bai taɓa miƙewa don wani ba. Me ya sa bishiyarsa za ta miƙe maka?"

Ya yi fushi, ya daina cin abinci tare da ni. Ni kuwa ban fasa cin nawa ba. Delbert ma ya gaji, ya ce a bar shi da tsohuwar jitarsa, abota ta fi. Wannan ya fi zagi yi wa Wendell zafi.

Wata safiya ya leƙo kicin. "Zo ki riƙe mini."

Tun da ya buɗe rumfar nan ban taɓa wuce bakin ƙofa ba, sai in kira shi cin abinci. Ya ja layi a tsakiyar katakon. Ya kunna injin zarto, ya sa hannuna a kan katakon, ya ɗora nasa a kai. Ina jin rawar hannunsa har kafaɗata. Muka tura a hankali. Zarto na fita, rabi biyun nan kowanne ya baje ya kama gabansa, kamar an kwance musu ɗauri.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani. Yi shiru."

Ya juya rabi ɗaya, ya sa siririn baƙin katako a tsakani, ya shafa gam, ya matse. Ferewar ta ɗauke shi har ƙarshen zafi, don in hannu ya tashi rawa sai ya zauna ya jira. Baƙin layin ya fito tun daga kai har gindi, kowa na iya gani. Delbert ya ce ya yi kyau. Wendell ya ce ɗinki ne. Daga wannan jitar bai sake ɗaukar kurfin sassaƙa ba.

Duk sanyin nan a gaban murhu ya yi shi, yana kallon taga. Da taɓo ya zo, na ji kukan mota a gangare. Na dubi Wendell, fuskarsa ta yi fari fat. Delbert ya shigo da akwatin.

"Me kuma?" in ji Wendell.

"Kai, mutum ba zai zo gaishe ka ba? Kiɗa na kawo maka, mai baƙin hali."

"Miƙo ta."

Hannunsa ya kasa tsayar da ita, sai ni na riƙe gindin. Ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ya ce in juya ta, na juya.

"To?" in ji Delbert.

"Wuyan a miƙe yake."

"Ai sai ka yi dariya."

"Sanyi ɗaya ne kawai ya gani," in ji Wendell. "Ka dawo da ita baɗi."

Delbert ya zauna ya fara kaɗawa. Kafin ya gama waƙa ta biyu Wendell ya yi barci a kujera, baki buɗe. Na tashi na goge taɓon da Delbert ya shigo mini da shi.